Ƙuri'ar Nuala

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu
a wannan gaɓar ta yammacin Ailan,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo.
Na san rubutun kowa kamar yunwar cikina.
Shi ya sa ban so a sa ni cikin masu ƙidaya ba,
amma akawun gunduma ya ce hannu ya yi kaɗan.

Zauren wasan makaranta, tebura a jere,
warin rigunan ulu da suka sha ruwa.
'Yan jam'iyyu sun jingina da shinge
kamar masu jiran a buɗe kasuwar tumaki,
kowa da fensir a bayan kunne.

A nan ba a dangwala wa mutum ɗaya a juya.
Lamba ake jerawa: ga wanda na fi so,
in ya faɗi, ga wanda zan iya haƙuri da shi,
har a gangaro kan wanda ba ku gaisawa a coci.

Wajen ƙarfe huɗu ta faɗo hannuna.
Bakwai mai ɗamara a ƙugu, huɗu mai buɗaɗɗen kai,
an danna fensir har ya kusa huda takarda.
Nuala Gildea ce, wadda teku ta ci mijinta.
Na haɗiye sunan.
Rantsuwar safe ta ɗaure min harshe.

Ɗayanta ta ba Peadar mai jirgin fito,
ba shi da jam'iyya, ba shi da kuɗin fosta,
alkawarinsa guda ne: gyaran matsayar jirage.
Kafin rana ta faɗi aka ce ya fita.
Ya cire hula, ya tafi neman shayi.

Takardar kuwa ba ta mutu ba.
Aka aza ta kan tarin malamar makaranta,
ta yi rabin dare a can, malama ta faɗi.
Na uku ya riga ya haye, bai waiwaye ta ba.
Na huɗu da na biyar tun da rana suka koma gida.
Ina bin ta da wutsiyar ido
kamar wasiƙar da mai ita ya yi ƙaura,
ana soke adireshi, ana rubuta wani.

Gari ya waye mata a kan shida:
Sorcha Devenney ta jam'iyyar manoma,
wadda suka shekara goma sha tara ba sa ga-maciji
saboda katangar dutse da ta ci gona taku biyu.
Kujerar ƙarshe, tazarar ƙuri'a uku.
Aka sake ƙirgawa da jajayen idanu,
ukun dai ba su motsa ba.
Suka ɗaga Sorcha a kafaɗa,
takalminta ɗaya ya faɗi ƙarƙashin teburina.

Yanzu tana Dublin.
Mako bakwai ana cinikin gwamnati,
don babu hannun da ya isa ya ɗauki jinka shi kaɗai.
Rediyo ya ce an ba su ma'aikatu biyu,
sun ajiye alkawari uku a bakin ƙofa.
Ban sani ba ko matsayar jirage na ciki.
Igiyar ruwa dai ta ƙara cire mata katako.

Jiya na kai wa Nuala takardar kuɗin wuta.
Tana shanya, iska na fizgar zanen gado.
Ta ce, "Eoin, ka ga wadda suka tura mana?
Wane marar aikin yi ne ya zaɓi matar nan?"
Na dubi katangar, gansakuka ya rufe ta.
Na gyara igiyar jakata.
Na ce, "Ki kwashe shanyar nan da wuri,
da alama za a yi ruwa kafin yamma."